Yadda Malamin Lissafi a Kwaleji Zai Binciki Ajinsa Domin Gyara Koyarwarsa

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin malaman lissafi a makon duba takardun jarrabawa ya san maganar da ke fitowa daga bakin kusan kowa: "Yaran nan ba su da tushe." Akwai gaskiya a cikin maganar, sai dai malamin da ya faɗe ta yakan koma aji a zango mai zuwa da tsohon littafin darasinsa, ya yi bayanin da ya yi bara, ya kawo misalan da ya kawo bara, sannan a ƙarshen zango ya sake tarar da irin takardun da suka sa shi ƙorafi. Akwai hanyar da malami zai bi ya mai da wannan ƙorafi ƙaramar tambaya wadda shi da kansa zai iya amsawa cikin zango guda, da ajin da yake da shi da kuma takardun da ke kan teburinsa. Hanyar ita ce binciken gyaran aiki, wato malami ya lura da wata matsala a ajinsa, ya gwada canji guda, ya tattara shaidar abin da canjin ya haifar, ya zauna ya yi nazari a kai, sannan ya sake zagayowa.

Wurin da wannan hanya ta dace da shi ƙwarai shi ne kwalejojin al'umma na Amurka, makarantun gaba da sakandare masu karatun shekara biyu, waɗanda ake danganta farkonsu da kwalejin garin Joliet a jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901. Galibinsu suna karɓar duk mai shaidar kammala sakandare, saboda haka a aji guda ana samun matashin da ya fito daga makaranta bana, da tsohon soja, da uwar 'ya'ya da ta daɗe da barin karatu, da ma'aikacin da ke zuwa aji bayan ya tashi daga aiki. Shekaru da yawa, darussan share fage na lissafi ne ake fara tura da damansu, kuma a nan tafiyar mutane masu yawa take tsayawa. Malamin irin wannan kwaleji don koyarwa aka ɗauke shi, yakan riƙe ajujuwa biyar a zango, ba shi da mataimakan bincike, don haka duk abin da zai bincika dole ya fito daga cikin koyarwar kanta. Malaman lissafin waɗannan kwalejoji suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, AMATYC, tun 1974, kuma a taronta na shekara-shekara sukan kawo abin da suka gwada a ajujuwansu. A 2017 jihar Kalifoniya ta kafa doka mai lamba AB 705 wadda ta sa kwalejojinta rage tsare ɗalibai a doguwar share fage, sai malamai suka wayi gari da masu ƙarfi da masu rauni a aji ɗaya, kuma babu takardar umarnin da za ta gaya wa kowannensu abin da zai yi idan ya tsaya gaban allo. Wanda ke koyar da ajin share fage a kwalejin kimiyya da fasaha, ko lissafin shekarar farko a kwalejin ilimi a Kano ko Zariya ko Sakkwato, da gani zai gane wannan aji, illa dai nasa ya fi cunkoso.

Tunanin ba sabo ba ne. Kurt Lewin, masanin halayyar jama'a ɗan asalin Jamus da ya koma Amurka, ya bayyana shi a 1946 a matsayin zagayen tsarawa da aikatawa da bin diddigin sakamako. Stephen Corey na kwalejin malamai ta Jami'ar Columbia ya shigar da shi harkar makarantu a 1953, Lawrence Stenhouse a Ingila ya kafe a shekarun 1970 cewa malami ne ya kamata ya zama mai binciken ajinsa, sannan Stephen Kemmis da Robin McTaggart a Ostareliya suka yaɗa matakan nan huɗu da aka fi sani: tsara, aikata, lura, yi nazari. Malaman firamare na Kaduna da Neja da Filato da suka shiga shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, wanda aka fara a 2006 da tallafin hukumar JICA ta Japan, sun san ɗan'uwan wannan zagaye, domin an horar da su su tsara darasi, su gabatar, su duba, su inganta. Ga yadda malamin kwaleji zai bi shi daki-daki.

Mataki na farko: matse matsalar har ta zama abin ƙirgawa

"Ɗalibaina ba sa gane aljabara" ba tambaya ba ce da mutum ɗaya zai amsa cikin zango guda, kuma a nan ne yawancin masu niyya suke karaya tun ba su fara ba. Ka je inda ake ajiye takardun amsa na zangon da ya wuce, ka karɓo na ajinka, ka zaɓi tambaya ɗaya da aka fi faɗuwa a kanta. A wannan karon kada ka kula da maki. Ka ɗauki farar takarda ka ja layuka, kowace takardar amsa ka duba daidai inda ɗalibin ya kauce, ka ba irin wannan kuskure suna da kalmominka, ka sa masa alama. Bayan takardu ashirin ko talatin za ka ga sunayen sun daina ƙaruwa, alamomi kawai ke taruwa a gaban biyu ko uku daga cikinsu.

A ce, alal misali, ɗalibai 80 ne suka rubuta, 52 suka faɗi tambayar. Idan ka tarar 31 tun wajen mai da jimlar tambayar zuwa alamomin aljabara suka ɓata, 12 sun rubuta alamomin daidai amma suka kasa haɗa rabi da sulusi a tsakiyar aiki, 9 kuma tuntuɓen ƙidaya ne kawai, to ka riga ka san abin da jadawalin maki bai taɓa gaya maka ba. "Rashin tushe" ya rabu gida uku, kuma kowane gida maganinsa daban.

Sai ka zaɓi gida ɗaya, da sharaɗin ya zama abin da ke hannunka. Cunkoson aji, da ɗaukar ɗalibai a makare, da yajin aikin da ke gutsure zango, duk matsaloli ne na gaske kuma sun cancanci a kai su gaban hukumar makaranta, amma malami ba zai canza su daga gaban allo ba. Tambayar da za ka rubuta ta ƙunshi abu uku: su wa, me za ka canza, kuma me kake sa ran gani. Misalinta shi ne: "Idan na keɓe minti goma na farkon kowane darasi har mako biyar, ɗaliban ajina na share fage suna kimanta girman amsa kafin su fara lissafi, shin masu tara lambar sama da ta sama, ta ƙasa da ta ƙasa wajen haɗa irin su 1/2 da 1/3, za su ragu?" Ka rubuta ta a shafin farko na wani sabon littafi da za ka keɓe wa wannan aiki, ka sa kwanan wata.

Mataki na biyu: saurari ɗalibi yana tunani

Wannan mataki ne na fi ganin amfaninsa, kuma shi aka fi tsallakewa. Takarda tana nuna inda ɗalibi ya kauce, amma dalilin kaucewar daga bakinsa kawai za a ji. Ka gayyaci ɗalibai biyar ko shida ɗaya bayan ɗaya, kowanne minti goma, a wuri buɗaɗɗe kamar aji bayan an tashi, ka tabbatar musu babu maki a ciki. Wata malama a Ostareliya, Anne Newman, ta tsara a 1977 tambayoyi biyar da har yanzu suke aiki: karanta mini tambayar, gaya mini abin da ake nema, ta yaya za ka nemo amsar, yi aikin ina gani kana faɗin abin da kake yi, yanzu rubuta amsarka. Duk inda ɗalibi ya fara sarƙewa a cikin biyar ɗin nan, nan ne ciwon yake, ko karatu, ko fahimta, ko zaɓen hanya, ko aikin lissafin, ko rubuta amsa.

Na taɓa zama haka da wata ɗaliba, matar aure da ta dawo karatu bayan shekaru, wadda ta rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5. Na ce, "Malama, a ce kuɗi ne naira 600, rabinsu nawa ne?" Ta ce, "Ɗari uku, Malam." Na ce, "Sulusi fa?" Ta ce ɗari biyu, kuma kafin in tambaya ta haɗa su ɗari biyar. Sai na ce ta fitar mini da humusi biyu na ɗari shidan, tunda shi ta rubuta a takarda. Ta ɗan jima tana ƙirgawa a bayan takardar, ta sami 240, ta ɗago kai ta ce, "Malam, ai wannan ko rabin bai kai ba." Da na tambaye ta abin da take gani idan ta kalli 1/2 a rubuce, sai ta ce, "Ni dai lambobi biyu nake gani, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa." Matar nan ta iya rabi da sulusi sarai a kasuwa, alamar da ke kan takarda ce ba ta taɓa haɗuwa da wannan sani a kanta ba. Da na tsaya ga jan biro kawai, da na sake koya mata ƙa'idar daidaita lambobin ƙasa karo na uku, ta haddace, ta manta.

A irin wannan zama ka bar ɗalibi ya yi bayani da harshen da yake tunani da shi. Da yawan ɗalibanmu da Hausa suke ƙirga, tambaya kuma da Ingilishi take zuwa, kuma akwai kurakuran da tsarin jimla ne yake haifar da su, kamar ɗalibi ya rubuta 5 − x a inda ake nufin x − 5 domin kalmar biyar ce ta fara zuwa a jimlar. Kada kuma a ɗauka wannan na masu rauni ne kaɗai. A farkon shekarun 1980 John Clement da abokan aikinsa a Jami'ar Massachusetts sun ba ɗaliban injiniya jimla mai cewa a wata jami'a ɗalibai sun ninka farfesoshi sau shida, suka ce a rubuta ta da alamomi, sai fiye da kashi ɗaya cikin uku suka kasa, galibinsu suka juya ta, suka ɗora shidan a kan ɗalibai maimakon farfesoshi. Babbar wahalar wannan zama ita ce malami ya kame bakinsa, domin da zarar ka fara gyara wa ɗalibi, ya daina nuna maka tunaninsa, ya koma neman abin da kake so ka ji.

Mataki na uku: zaɓi canji guda tak

Kafin ka yanke shawara ka karanta maƙala biyu ko uku a kan irin kuskuren da ka gano, ka kuma tambayi wani dattijon malami a sashenku, don kada ka ɓata zango wajen gano abin da aka daɗe da sani. Canjin ya kasance ƙarami, ba ya cin kuɗi, kuma kana iya maimaita shi a kowane darasi ko ranar da ka gaji. Mary Budd Rowe ta nuna a shekarun 1970 cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku amsoshi kan ƙara tsawo, masu amsawa kuma su ƙaru. Wannan canji ne da ba ya buƙatar komai sai haƙuri. Wani canjin shi ne ka rubuta amsa mai kuskure a allo, ɗalibai su zauna biyu-biyu su gano inda aka kauce da dalili. Wani kuma shi ne tambaya ɗaya a ƙaramar takarda minti uku kafin a tashi, ka tattara, ka fara darasin gaba da abin da ka gani a ciki. A ajin da ɗalibai da yawa suka yi Islamiyya, kasafin gado ƙofa ce mai kyau, domin rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sulusi biyu da sudusi sunaye ne da suka sani tun kafin su ga alamominsu a littafin boko.

Duk wanda ka zaɓa, shi kaɗai za ka gwada. Idan ka canza tsarin zama da nau'in aikin gida da yadda kake tambaya duk a lokaci guda, ko sakamako ya yi kyau ba za ka san wanne ya yi aikin ba, kuma ba za ka san wanne za ka iya ajiyewa ba ranar da lokaci ya ƙure.

Mataki na huɗu: izini da amana

Ka sanar da shugaban sashe a rubuce. A kwalejojin Amurka, idan malami yana da niyyar wallafa sakamako ko gabatar da shi a waje, yakan fara miƙa tsarinsa ga kwamitin da ke duba duk binciken da ya shafi mutane. Idan makarantarku tana da irin wannan kwamiti, ta nan za ka bi. Ka gaya wa ɗalibai abin da kake yi da dalilinsa, ka tabbatar musu wanda bai so a yi amfani da takardarsa ba babu abin da zai taɓa makinsa, kuma ka cika wannan alkawari, domin suna jin nauyinka kuma ba kowa ne zai iya ce wa malaminsa a'a ba. A duk bayanan da ka ajiye, lamba za ka sa a madadin suna. Idan kana da ajujuwa biyu kana gwada canjin a ɗaya, to da zarar ka ga yana da amfani ka kai wa ɗayan kafin jarrabawa, saboda su ma haƙƙinsu yana wuyanka.

Mataki na biyar: tsara shaidarka kafin ka fara

Malamin da ya fara gwaji sannan daga baya ya nemi shaida, abin da yake so ya gani shi zai gani. Tun kafin ranar farko ka shirya hanyoyi uku da za su duba juna. Ta farko gajeren gwaji ne mai tambayoyi takwas zuwa goma a kan matsalar kaɗai, ka rubuta shi kala biyu masu tsari ɗaya da nauyi ɗaya amma lambobi daban, ɗaya na farko ɗaya na ƙarshe, ka kuma ba wani abokin aiki ya tabbatar na biyun bai fi sauƙi ba. A kowace tambaya ka bar fili ɗalibi ya nuna aikinsa, domin nau'in kuskure za ka ƙirga. Ta biyu littafinka ne, inda za ka rubuta layi biyar ko shida bayan kowane darasi. Ta uku idon wani ne, abokin aikin da zai zauna a bayan aji sau biyu ko uku.

Ka kuma rubuta tun yanzu abin da za ka kira nasara, misali masu wannan kuskure su ragu da rabi, don kada daga baya ka matsar da iyaka ta dace da abin da ya fito. A zango mai mako goma sha biyar, ana iya yin gwajin farko da hirarraki a mako na biyu, a gudanar da canjin daga na huɗu zuwa na takwas, a yi gwaji na biyu a na tara, sannan a saka tambayoyi biyu ko uku masu irin wannan tsari a wani gwaji na mako na goma sha uku ba tare da sanarwa ba, domin a ga ko abin ya zauna ko kuwa na ɗan lokaci ne.

Mataki na shida: gudanarwa

Ka yi abin da ka tsara kamar yadda ka tsara shi, kuma ranar da ba ka yi ba ka rubuta cewa ba ka yi ba da dalili. Littafin nan kafin ka bar harabar makaranta za ka cika shi, domin zuwa dare abin da ya rage a kanka ra'ayi ne. Ka raba shafi biyu, ɓangare ɗaya abin da ya faru, ɗayan kuma abin da kake zato. "Aji ya yi kyau yau" ba shi da amfani bayan mako shida. Abin da ke da amfani shi ne irin: "Mutum 61 suka zo. Na tambayi ko 3/8 + 2/5 ya fi ɗaya ko bai kai ba. Layukan baya uku ba su ɗaga hannu ba. Wani ya ce bai kai ɗaya ba domin kowannensu bai kai rabi ba, kuma ban taɓa koya musu wannan hujja ba. Aikin ya ci minti 17 maimakon 10."

Abokin aikin da zai shigo ka ba shi abu guda da zai ƙirga, kamar ɗalibai nawa suka yi magana da daga wane ɓangaren aji, ko daƙiƙa nawa ka jira bayan kowace tambaya. Idan ka ce masa kawai ya duba yadda kake koyarwa, kunya za ta sa ya yabe ka, ku rabu babu wanda ya ƙaru. Ya fi kyau ya zama tsaranka wanda shi ma za ka shiga nasa ajin, ba wanda ke sa hannu a takardar ƙarin girmanka ba.

Mataki na bakwai: karanta sakamako da gaskiya

Ka fara da ware waɗanda suka rubuta gwaje-gwajen biyu duka. Idan 80 suka rubuta na farko, 70 na biyu, amma 64 ne kawai suka rubuta duka, to 64 ɗin nan za ka kwatanta. Dalilin shi ne waɗanda kan daina zuwa sau da yawa su ne masu rauni, kuma fitarsu kaɗai tana ɗaga matsakaicin maki ko da babu wanda ya koyi komai. Ka rubuta adadin waɗanda suka ɓace, domin su ma sakamako ne. Daga nan ka sake yin irin ƙirgar da ka yi a mataki na farko, kuskure bayan kuskure, ka ajiye jadawalan biyu gefe da gefe. Wani lokaci maki ba ya motsawa sosai amma nau'in kuskure ya canza, waɗanda da suke tara sama da sama yanzu suna neman daidaita lambobin ƙasa suna tuntuɓe a ninkawa, kuma wannan ci gaba ne na gaske da jadawalin maki zai ɓoye.

Kafin ka danganta ingancin ga canjinka, ka tambayi kanka abin da kuma zai iya kawo shi. Ɗalibai sun yi makonni suna karatu, da ma za su ɗan ƙaru. Idan waɗanda suka fi faɗuwa ka zaɓa ka bibiya, wasunsu rashin sa'ar ranar ce ta kai su ƙasa, kuma a gwaji na biyu za su ɗan tashi ko ba a yi musu komai ba. Akwai kuma abin da ake kira tasirin Hawthorne, daga sunan wata masana'antar kamfanin Western Electric kusa da Chicago inda aka yi wasu gwaje-gwaje a shekarun 1920 da farkon 1930, wato mutane kan ƙara himma idan sun san ana lura da su. Kai ma kanka ka fi shiri da kuzari a makonnin gwajin. Ba za ka iya kawar da waɗannan duka ba, amma tambayoyin mako na goma sha uku, da kwatanta da takardun bara, da bayanan abokin aikinka, za su rage shakka. Ka sake kiran uku daga cikin waɗanda ka yi hira da su ka saurare su karo na biyu. Idan hujjar da ke bakinsu ta canza, wannan shaida ce mai nauyi.

Iyakar abin da za ka iya faɗa shi ne abin da ya faru a wannan aji, a wannan zango, a hannunka. Aji ɗaya ba ya ba da hukunci a kan dukan ɗalibai, kuma babu buƙatar lulluɓe ƙananan alƙaluma da manyan dabarun ƙididdiga don su yi kama da na jami'a. Idan canjin bai yi aiki ba, ka rubuta haka ƙarara, sannan ka koma littafinka ka duba ko dabarar ce ba ta dace ba, ko kuwa sau huɗu kawai ka samu ka yi ta cikin goma da ka tsara.

Mataki na takwas: rubutawa, rabawa da sake zagayowa

Ka rubuta shafi biyu: matsalar, abin da ka ji daga bakin ɗalibai, abin da ka canza, jadawalan biyu, abin da kake ganin ya faru, da abin da ba ka gamsu da shi ba. Ka nemi minti ashirin a taron sashe, ka zo da takardun amsa uku ko huɗu da aka rufe sunayensu, ka bar abokan aiki su riƙe su a hannu. Malaman lissafi sun fi saurin yarda da takardar ɗalibi a kan dogon jawabi, kuma daga nan ne ake samun mutum biyu ko uku da za su ce su ma za su gwada. Idan aka kai haka, ku tsayar da zaman awa ɗaya duk bayan mako biyu, kowa ya zo da takardu, ku yi amfani da gwaji iri ɗaya a ajujuwa daban-daban, domin abin da ya maimaitu a hannun malamai uku ya fi ƙarfin abin da ya faru a hannun ɗaya. Bitar kwana biyu da ake kiran malamai a otal tana iya kawo sabon tunani, amma ba ta san ajinka ba, kuma ba ta dawowa bayan mako shida ta tambaye ka yadda aka kwana.

Aikin yana iya zama maƙalar taro ko ta mujallar ilimi, kuma a manyan makarantun gwamnati na Nijeriya asusun TETFund yana da tallafin binciken da ake yi a cikin makaranta, wanda malamai za su iya haɗuwa su nema idan aikin ya girma. Babu laifi malami ya ci moriyar wahalarsa wajen ƙarin girma. Abin da nake jin tsoro shi ne a fara da neman maƙalar, domin mai neman maƙala yakan ƙi sakamakon da bai yi kyau ba, alhali sau da yawa shi ne ya fi koya wa malami abu.

Zagaye na biyu daga shafin ƙarshe na littafinka zai fito. Idan kimanta amsa ya rage masu tara sama da sama amma layukan baya har yanzu shiru suke, tambayar zango mai zuwa ta zama a kan layukan bayan, wataƙila ta hanyar sa kowa ya rubuta kimantawarsa a takarda ya ɗaga sama maimakon jiran masu ɗaga hannu. Idan kuma gida na biyu na jadawalinka ya warware, sai ka koma kan na farko, wato mutum 31 ɗin nan da suka ɓata wajen mai da jimla zuwa alamomi. Gwaje-gwajen da ka rubuta, da jadawalan, da littafin, ka haɗa su a fayil guda ka rubuta shekara da zango a bayansa, ka buɗe sabon littafi kafin sababbin ɗalibai su gama rajista.